Kwatarniyar Baƙin Dutse a Ƙauyen East Meon

A watan Yulin 2025 Allah ya nufe ni da zuwa Ingila karo na farko, bayan na shafe fiye da shekara talatin ina koyar da tarihi a makarantun sakandare, ina karantar da labarin ƙasar kamar yadda na same shi a rubuce. Dalilin tafiyar shi ne bikin yaye ɗalibai, domin 'yata ta fari, wadda nake kira Mama saboda sunan mahaifiyata aka sa mata, ta kammala karatun digiri na biyu a birnin Portsmouth. Bikin ya yi kyau, mun gode wa Allah, amma ba shi na zauna in rubuta ba. Abin da ya tsaya mini a rai tun da na dawo shi ne wani baƙin dutse da na gani a cocin wani ƙaramin ƙauye, kwana biyu kafin mu kamo hanyar gida.

Shirin tafiya ya ci kuɗi da haƙuri. Kuɗin bizar ziyara ta wata shida a shekarar 2025 fam 127 ne, a lokacin da fam ɗaya ya haura naira dubu biyu, ban da takardun banki da na wurin aiki da wasiƙar gayyata da aka nema, ban da zuwa a ɗauki hoton yatsu. Mama ta yi mini kashedi tun da wuri cewa kada in saka kilishi ko dambun nama ko man shanu a kaya, domin dokarsu ta hana shiga da nama da kayan madara daga ƙasashenmu, saboda haka mahaifiyarta ta ɗaure mata yaji da kuka da busasshiyar kuɓewa da garin kunu kawai. Na tashi daga Kano, muka yada zango a Alkahira, washegari da rana muka sauka a Heathrow.

Layin binciken fasfo ya ɗauke ni kusan awa biyu a tsaye. Jami'ar da na tarar ta tambaye ni abin da ya kawo ni, da inda zan kwana, da ranar da zan koma, da wanda ya biya kuɗin jirgi. Tambayoyin nata a gajarce suke, babu gaisuwa babu wulaƙanci, kuma da na nuna mata wasiƙar bikin ta taya ni murna kafin ta miƙo mini fasfo. Wanda ya saba da shingayen hanyar Kano zuwa Abuja zai lura da abu guda, wato tun daga ƙofar filin jirgin har Portsmouth, tafiyar fiye da awa biyu a babbar bas, babu wanda ya tsayar da mu ko sau ɗaya.

Ɗakin Mama na ɗalibai ne, ba ya ɗaukar baƙo, don haka ta kama mini ɗaki a wani ƙaramin gidan baƙi kusa da bakin teku a kan fam 70 kowane dare, kuɗin da na daina lissafa shi da naira bayan kwana na biyu domin in samu natsuwa. Wahalar da ban yi tsammani ba ita ce ta lokutan salla. Rana ba ta faɗuwa sai bayan ƙarfe tara na dare, isha'i tana kaiwa kusan sha ɗaya, alfijir kuma yana ketowa wajen ƙarfe uku, ta yadda tsakanin kwanciya da tashi bai fi awa huɗu ba. Sai da na yi kwana huɗu jikina ya karɓi wannan tsari.

Bayan biki, Mama ta ce ba zai yiwu malamin tarihi ya zo yankin Hampshire ya koma bai ga Winchester ba, tsohuwar fadar sarakunan ƙasar. A babban cocin birnin, wanda tsawonsa ke gajiyar da ido, na tsaya a gaban wata kwatarniyar dutse baƙa ƙirin mai kusurwa huɗu, an sassaƙa mutane da wani jirgin ruwa a jikinta. Wani dattijo cikin masu yi wa baƙi jagora don sa kai ya ga na daɗe a wurin, ya matso ya bayyana mini cewa a cikinta ake yi wa jarirai baftisma, wato wankan shiga addinin Kirista, kuma hotunan labarin wani waliyyinsu ne mai suna Nikolas. Ya ce irin waɗannan kwatarni guda bakwai ne cikakku a duk Ingila, huɗu daga ciki a Hampshire, wato ta Winchester da ta Southampton da ta St Mary Bourne da ta East Meon, sauran ukun kuma suna Lincoln da Thornton Curtis da Ipswich. Sannan ya dube ni da hulata ya ce, tun da ya fahimci ni Musulmi ne, ta East Meon ce ya kamata in gani, domin labarin da ke jikinta na Adamu ne da Hauwa'u, kuma ya san mu ma muna da shi. Da muka fito na ce wa Mama ina son zuwa ƙauyen nan.

"Baba, saboda dutse ɗaya za mu kashe yini guda?" in ji ta, tana duba wayarta.

Na ce mata eh, kuma ba ta ƙara musu ba, sai ta shiga neman lokutan mota.

Mun tashi da safe a jirgin ƙasa daga Portsmouth zuwa Petersfield, tafiyar kamar rabin awa, daga nan muka jira bas mai lamba 67 da ke bi ta ƙauyuka har Winchester. Kuɗinta a lokacin fam 3 kowane mutum, kuma ba ta yawan zirga-zirga, wanda ya kuskure ɗaya sai ya daɗe yana jiran ta gaba. Tsakanin Petersfield da East Meon bai fi kilomita takwas ba, amma hanyar siririya ce ƙwarai, shingen itatuwa masu kauri ya matse ta dama da hagu, har idan aka yi kaciɓus da wata mota dole ɗaya ya ja da baya zuwa wani ɗan fili da aka tanada. Abin da ya burge ni shi ne kowane direba yana ɗaga wa ɗan'uwansa hannu bayan sun wuce juna. Ta tagar bas ina ganin tuddai masu laushin siffa, kore shar, tumaki sun bazu a kansu babu makiyayi, kuma inda aka yi huɗa ƙasar fara ce fat, domin duk yankin a kan alli yake zaune.

Ƙauyen ya ba ni mamaki ta fuska biyu. Na farko shi ne kogin Meon, wanda ake furtawa Miyon, ɗan rafi ne da ke gudana a tsakiyar babban titi tsakanin gini biyu, ruwansa garau har ana ƙirga tsakuwar ƙasansa, domin daga ƙarƙashin allin nan yake ɓuɓɓugowa a tace. Na biyu shi ne gidajen jinka. A wurinmu, mutum yana samun wadata zai sauke ciyawa ya ɗora kwano, kuma ɗakin ciyawa shaida ce ta ƙaramin ƙarfi. A nan kuwa gidan da aka yi wa baibaya da ciyawa mai kauri, aka datse bakinta kamar da almakashi, shi ne na masu hali, kuma masu sana'ar baibayar ƙwararru ne da ake bin layi kafin a same su. Na tsaya na ƙare wa wani rufi kallo, ina tuna magina jinka na ƙauyenmu waɗanda 'ya'yansu duk suka watsar da sana'ar.

Cocin, wanda ake kira All Saints, yana gindin wani tudu mai tsayi da ake ce wa Park Hill, har koren tudun ya zame masa kamar labule a baya. Ginin zamanin Normandawa ne, wato mutanen arewacin Faransa da suka ci Ingila da yaƙi, an soma shi a ƙarshen ƙarni na 11 aka kammala a ƙarni na 12, bangonsa na ƙanƙarar dutse ce irin wadda ake ƙyastu da ita, da hasumiya mai kusurwa huɗu a tsakiya wadda daga baya aka ɗora mata tsini na darma. Ya fi ƙarfin ƙauyen nesa ba kusa ba, kuma dalilin haka a bayyane yake ga wanda ya tsallaka titi ya ga tsohon zauren shari'a da Bishop William na Wykeham ya gina a ƙarshen ƙarni na 14. East Meon da gonakinta mallakar bishop-bishop na Winchester ne tsawon ƙarnuka, tana cikin manyan gandayensu, kuma sunanta yana cikin kundin ƙidayar ƙasa da dukiya na 1086.

A bakin ƙofa na ɗan tsaya, domin ban taɓa shiga cocin ƙauye ba, kuma na Winchester ya fi kama da wurin yawon buɗe ido saboda cunkoson baƙi. Ƙofar a buɗe take, babu mai gadi babu mai karɓar kuɗi. A ciki muka tarar da wata dattijuwa tana jera furanni a tulu, na gaishe ta na tambaye ta ko in cire takalmi, tun da wurin ibada ne. Ta ce a'a, su maza hula suke cirewa, amma ni in bar tawa a kaina domin ta san girmamawa ce a wurinmu. Da Mama ta gaya mata daga Nijeriya muke kuma saboda kwatarniyar muka zo, sai ta ajiye furannin ta goge hannunta ta kai mu gabanta, ga ta nan ba nisa da ƙofar da muka shigo.

Faɗinta kamar mita ɗaya ne kowane gefe, dunƙulen dutse guda ne aka fafe tsakiyarsa ya zama zagayayyen rami, an ɗora shi a kan ginshiƙi mai kauri a tsakiya da ƙanana huɗu a kusurwoyi. Daga nesa baƙi ne, amma idan haske ya faɗo masa daga taga sai ka ga shuɗi-shuɗi a cikinsa, irin na turkuɗin da aka buga da kyau. Dattijuwar ta ba ni izinin taɓawa. Sanyinsa ya ratsa tafin hannuna duk da cewa lokacin zafinsu ne, kuma gefen bakinsa sumul yake saboda hannayen da suka dafa shi shekara kusan ɗari tara. A saman, a kusurwoyin da ke kewaye da ramin, akwai ganyaye da kuma tsuntsaye biyu masu kama da kurciya suna shan ruwa a tulu ɗaya. Fuskoki biyu daga cikin huɗun an yi musu ado da jerin ginshiƙai da bakuna, da tsuntsaye da dabbobi a samansu. Labarin yana sauran biyun.

Na fara dubawa daga hagu kamar yadda boko ya saba mana, sai na kasa haɗa kan abin. Mama ce ta lura, ta ce, "Baba, daga dama ake karanta shi, kamar allo." Haka kuwa yake. A ƙarshen dama an nuna halittar Adamu, sai fitar da Hauwa'u daga haƙarƙarinsa, sai itaciya da maciji ya nannaɗe ta yana miƙa ɗan itacen, sai cin abin da aka hana. Daga nan mai kallo ya zagaya kusurwa zuwa fuska ta biyu, inda aka siffanta Aljanna da wani katafaren gini mai bakuna da hasumiyoyi irin na fadar sarakunan zamanin, ga mala'ika riƙe da takobi, ga su biyun suna fita suna rufe tsiraicinsu da ganye. Mutanen duk gajeru ne masu manyan kawuna da daradaran idanu, sassaƙar ba ta da zurfi, domin dutsen yana da tauri kuma yana iya ɓarewa idan an matsa masa.

Wajibi ne in faɗi abin da na ji a zuciyata a nan. Mu ba ma siffanta annabawa, balle Mahalicci, kuma a farkon labarin masassaƙin ya yi wata sura ta mutum a matsayin mai yin halittar. Na kawar da idona daga wannan ɓangaren ina tasbihi a zuci, kuma na riƙe cewa abin da ke gabana tunanin wani masassaƙi ne na ƙarni na 12 game da Annabi Adamu, alaihis salam, ba kamanninsa ba. Na gaya wa dattijuwar haka cikin ladabi, ta saurara ba tare da ɓata rai ba, har ta ce ai su ma a ƙasarsu an yi zamanin da masu tsananta addini suka bi coci-coci suna farfasa gumaka da tagogi masu zane saboda irin wannan dalilin.

Amma hoto na ƙarshe, wanda ke can ƙarshen hagu na fuska ta biyu, shi ya sa na durƙusa a kan daɓen dutsen nan mai sanyi domin in gan shi da kyau. Bayan takobi da kora, masassaƙin bai rufe labarin da kuka ba. Ya sake kawo mala'ika, wannan karon da shebur, yana nuna wa Adamu yadda ake haƙar ƙasa, a gefe kuma ga Hauwa'u ta sa doguwar riga tana riƙe da sandar kaɗi da mazari. An fitar da su daga gidan ni'ima, amma ba a sake su hannu rabbana ba, sai da aka koya musu abin da za su ci da abin da za su sa. Na daɗe ina kallon mazarin nan. Mahaifiyata, Allah ya jiƙanta, makaɗiya ce, kuma abin da na fi tunawa da shi a ƙuruciyata shi ne ita zaune a kan tabarma bayan la'asar, audugar da ta gurje ta shiɓe tana hannun hagu, tana shafa alli a yatsunta ta murza mazari, yana juyawa yana 'yar ƙara, zare yana fitowa siriri ba ya tsinkewa. Da kuɗin zare da abawa ta saya mini littattafan rubutu na farko. Mahaifina kuwa bai san wata sana'a ba sai garma da fartanya. Ban yi zaton zan keta teku in tarar da iyayena biyu a jikin dutse a ƙauyen Turawa ba, kuma hawaye ya zo mini, Mama ta dafa kafaɗata ba ta ce komai ba.

Na yi tunanin waɗanda aka yi wa wannan sassaƙa tun farko. Manoma ne da makiyayan tumaki da matansu masu kaɗin ulu, ba su iya karatu ba, addu'ar coci kuma da Latin ake yin ta, harshen da ba su ji. Uban da ya kawo jaririnsa, da ƙasar gona a farcensa, zai dubi dutsen ya ga uban 'yan Adam riƙe da shebur irin nasa, uwar kuma za ta ga mazarinta. Ina ganin babu wa'azin da zai shiga zuciyar talaka kamar a nuna masa cewa wahalarsa ba wulaƙanci ba ce, gado ce daga tushe, kuma daga sama aka koyar da ita.

Dutsen ba na Ingila ba ne. An haƙo shi a kusa da birnin Tournai, a ƙasar da yau ake kira Beljiyam, a bakin kogin Scheldt, inda a ƙarni na 12 masassaƙa suka shahara da yin kwatarnin baftisma da duwatsun kabari suna sayar wa ƙasashe. Ana ce masa marmara, amma a haƙiƙa dutsen farar ƙasa ne mai duhu wanda yake ɗaukar sheƙi idan an goge shi. A can ake sassaƙa shi a gama, sannan a ɗora a jirgin ruwa a bi kogi zuwa teku, a tsallako Ingila, daga gaɓa kuma sai amalanken shanu a kan waɗannan tuddai da hanyoyi masu laka. Wanda ya ga yadda bas ɗinmu ta sha wuya a kan kwalta zai gane irin ƙarfin halin da aka yi. Masana suna sa shekarun aikin a tsakanin 1130 da 1150, kuma an fi kyautata zaton kyauta ce daga Henry na Blois, wanda ya riƙe bishop na Winchester daga 1129 zuwa 1171. Jikan William ne da ya ci Ingila da yaƙi a 1066, ƙanin Sarki Stephen, attajiri mai son gine-gine da kayan ƙawa, har daga Rum ya sayo tsofaffin sassaƙe-sassaƙe.

Da na lissafa shekarun sai na tuna cewa kundin tarihin Kano ya ce Sarki Gijimasu, wanda ya yi mulki daga 1095 zuwa 1134, shi ya fara ginin ganuwa. Ashe kwatarniyar nan da ganuwarmu kusan sa'o'in juna ne. Raina ya ɓaci da na tuna yadda ake sarar ganuwar ana kwasar ƙasarta, ana gini a kanta, alhali ga wannan a ƙauyen da bai kai wata unguwa ta Kano yawan jama'a ba, tsofaffi suna karɓa-karɓa wajen share mata ƙura.

Na tambayi dattijuwar ko har yanzu ana amfani da ita, ta ce ƙwarai, jikokinta biyu a nan aka yi musu baftisma, sai dai yanzu ɗan ruwa ake zuba wa jariri a goshi. A da can tsoma shi ake yi, shi ya sa ramin yake da faɗi da zurfi, kuma ba a jinkirtawa, cikin kwanakin farko ake kawo shi saboda yawan mutuwar jarirai a wancan zamani. Ruwan da aka yi wa addu'a yakan daɗe a ciki, har a 1236 babban bishop na Canterbury ya ba da umarni a riƙa rufe kwatarnin da murfi a kulle, domin mutane suna satar ruwan suna haɗa asiri da shi. An ajiye ta kusa da ƙofa ne da gangan, alamar cewa ta nan ake shiga addinin. A nan ne kuma ake raɗa wa yaro suna a gaban waɗanda suka tsaya masa a matsayin iyayen riƙo na addini, kuma tun 1538 aka wajabta wa kowane coci rubuta sunayen a littafi. Na ba ta labarin namu sunan, da huɗuba a kunnen jariri, da taruwar maza da sassafe ranar bakwai, da rabon goro da dabino, da yankan rago, da askin wanzami. Ta tambaye ni ko mu ma muna wanke yaro daga zunubin Adamu, domin a aƙidarsu laifin nan gadonsa ake yi, kuma dalilin da ya sa aka zana labarin a jikin kwatarniyar ke nan, mai kallo ya ga cutar a waje, maganin kuma a ruwan da ke ciki. Na ce mata a wurinmu Adamu da Hauwa'u sun tuba an kuma karɓi tubarsu, kowane jariri yana zuwa duniya da farar takarda, babu mai ɗaukar laifin wani. Ta yi shiru tana nazari, sannan ta ce ba ta taɓa jin haka ba. Babu wanda ya nemi jawo wani a cikinmu, kuma na ji daɗin wannan hira fiye da yawancin waɗanda na yi a tafiyar.

Kafin mu fita ta nuna mana cikin ramin ta ce mutanen ƙauyen sun gaji labarin cewa a watan Maris na 1644, lokacin yaƙin basasa tsakanin sarki da majalisa, sojojin majalisa sun yi sansani a nan kafin gumurzun Cheriton, kuma sun ɓamɓare darmar da aka shimfiɗa a cikin kwatarniyar suka narka ta suka yi harsashi. Dutsen kansa dai sun bar shi.

Azahar ta yi muna cikin ƙauyen. Muka bi wata 'yar hanyar ƙafa muka hau gefen tudun da ke bayan cocin, na yi alwala da ruwan gora, Mama ta duba alƙibla a waya, muka yi salla a kan ciyawa, tsinin hasumiyar yana ƙasa da mu, tumaki suna kiwo ba su ko kula mu ba. A nan muka ci guzurinmu, burodi da dafaffen ƙwai da shayi a fulas. Na roƙi Mama mu sake komawa in ƙara duban hoton ƙarshen nan in ɗauke shi a waya daga kusa, kuma wannan komawar ce ta sa bas ta wuce mu, muna ganin bayanta tana shan kwana. Ta gaba sai bayan lokaci mai tsawo, iska mai sanyi ta taso da yayyafi, rigata kuma ba ta da kauri. Muna tsaye a bakin titi sai ga dattijuwar nan a 'yar motarta, ta tsaya ta ce mu shigo za ta kai mu tashar Petersfield, ko da yake ba can ta nufa ba. Na yi ƙoƙarin ba ta kuɗin mai ta ƙi karɓa, sai Mama ta ciro ƙullin yajin da ke jakarta ta ba ta, ta yi mata bayanin yadda ake barbaɗa shi a gasasshen nama, kuma ta gargaɗe ta da ta fara da kaɗan.

Dawowa gida ba ta da wani labari, ban da jiran awa shida a Alkahira. Kwana uku da saukata na tafi ƙauye gaishe da yayata, wadda ta haura shekara saba'in kuma ita kaɗai ta koyi kaɗi a hannun mahaifiyarmu. Bayan an gama gaisuwa da rabon tsaraba na buɗe wayar na faɗaɗa mata hoton, ban gaya mata ko wace ce ba. Ta kawo shi kusa da idonta ta daɗe tana dubawa, sannan ta ce, "Wannan ai kaɗi take yi. Amma me ya sa sandar tata ta yi tsawo haka?" Na ce mata su ulun tumaki suke kaɗawa ba auduga ba, a jikin sandar suke ɗaure shi. Ta gyaɗa kai, ta tashi ta shiga ɗaki, na ji tana jan tsohuwar adakar Inna daga ƙarƙashin gado. Ta fito da mazari guda biyu a naɗe cikin tsumma, ɗaya ya tsage, ɗayan kuwa har da sauran zare a jikinsa, ya yi ja saboda daɗewa. Ta miƙo mini mai zaren ta ce in kai wa Mama.